Kifin ruwan teku ya yi fararen ɗigo a Gombe: yaya ake haɗa masa tankin killacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tumfure, Gombe. Ina da tankin gilashi na kifin ruwan teku mai cin lita 250, da duwatsun murjani, jatan lande biyu da 'yan katantanwa. Kifayen biyar ne: kilawun biyu, damsel biyu, sai ƙaramin bulu tang da aka turo mini daga Legas mako biyu da suka wuce. Kwana uku ke nan fararen ɗigo suka feso wa bulu tang ɗin, yana ta goga jiki da dutse, amma yana cin abinci. Wani mai kiwon tarwada ya ce in ƙara gishiri in zuba kafso. Wanda ya sayar mini kuma ya ce in ware shi shi kaɗai a wani tanki. Yaya zan haɗa tankin, me kuma zan zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe.

Shawarar mai tarwada daidai take a kududdufinsa. Gishiri yana yi wa kifin ruwan daɗi amfani ne domin ƙwarin da ke damunsa ba su jure gishiri. Naka kifin tun asali a cikin gishiri yake kwana yake tashi, kusan giram 35 a kowace lita, ƙwayar da ta kama shi ma 'yar teku ce, don haka ƙarin gishiri wahala kawai zai ƙara masa. Kafso kuwa bakteriya yake kashewa, wannan cuta ba bakteriya ba ce. In ka zuba shi a babban tanki, abin da zai fara hallakawa su ne bakteriya masu amfani da ke tsarkake maka ruwa. Mai sayarwa ya fi kusa da gaskiya, amma rabinta ya faɗa maka. Kifayen biyar duka za su fita, ba bulu tang kaɗai ba.

Ga dalili. Abin da ka bayyana ya fi kama da farin ɗigo na teku, wanda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa, kuma bulu tang yana cikin kifayen da suka fi saurin kamuwa da ita. Rayuwarta irin ta kaska ce: ta lafe a jikin dabba ta sha ta ƙoshi, ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan su sake hawa duk dabbar da ke garken. Ƙwayar tana yin kwana 3 zuwa 7 a ƙarƙashin fatar kifi, sai ta saki jikinsa ta sauka kan yashi ko dutse, ta rufe kanta da ɓawo, ta yi ta rarrabuwa a ciki. Bayan kwanaki, galibi tsakanin 3 zuwa 28, sai ɓawon ya fashe, ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman kifi. Wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Tunda ɗigon ya kwana uku a jikin kifinka, wasu sun riga sun sauka cikin yashinka, sauran kifayen kuma suna iya ɗauke da ita a kafofin numfashinsu na gefen kai, inda ido ba ya kai wa. Shi ya sa za ka ga ɗigon ya ɓace ranar Laraba ka yi hamdala, mako na zagayowa ya dawo ninkin ba ninkin. Magani ba ya samun ƙwayar tana cikin fata, ba ya samunta tana cikin ɓawo. A ɗan tsakanin nan da 'ya'yan ke iyo a ruwa kawai ake cimma ta, kuma duk tsarin da zan ba ka a kan wannan ya ginu.

Kafin ka sayi komai, ka kashe fitilar ɗaki da daddare ka haska kifin da tocilan daga gefe. In ɗigon a rarrabe yake, kana iya ƙirga shi, kifin kuma yana ci yana numfashi yadda ya saba, farin ɗigo ne, kana da 'yan kwanakin shiri. In kuwa jikin ya yi ƙura-ƙura, launinsa ya dushe, kifin yana haki, yana gudun haske, yana tsayawa a bakin famfon da ke huro ruwa, to wannan wata cutar ce daban mai suna Amyloodinium, tana iya share tanki cikin kwana biyu zuwa uku, kuma aikin na yau ne ba na gobe ba. Kilawun kuma suna da tasu, Brooklynella, inda za ka ga farin yauƙi mai kauri yana saɓulewa daga jikinsu. Ita wankan fomalin ake yi mata, kuma fomalin guba ne ga mai riƙe da shi ma, sai da safar hannu da likitan dabbobi a kusa. Zan ci gaba a kan cewa naka farin ɗigo ne.

Shi tankin kansa ba wani abin azo a gani ba ne. Kifaye biyar ƙanana suna buƙatar lita 80 zuwa 100. Mai yankan gilashi a cikin gari zai haɗa maka, da sharaɗin ya yi amfani da silikon zalla, ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba. In lokaci ya ƙure, sabuwar babbar roba mai haske ta ajiyar kayan abinci ta wadatar. Ka auna ruwan da ke ciki, kar ka dogara da girman da aka gaya maka, domin da wannan lissafin za ka auna magani. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, da santimita, ka raba da 1000. Tanki mai 80 da 35 da 35 lita 98 ne a takarda, amma in ruwan ya tsaya a santimita 30, lita 84 ke gare ka. Ka manna salatif daidai bakin ruwan, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Ƙasan tankin a bar shi fayau. Ba yashi, ba dutsen murjani, ba kwanson katantanwa, domin duk abin da ke da alli a jikinsa yana tsotse magani ya rage masa ƙarfi, daga baya kuma ya yi ta sakinsa. Wurin ɓuya kuma dole ne, kifin da ba shi da maɓoya ba ya cin abinci. Je wurin masu kayan famfo ka sayi guntayen farin bututun PVC da gwiwoyinsa masu faɗin inci biyu zuwa uku, ka wanke su da ruwa zalla, ka zuba guda shida ko bakwai, su fi kifayen yawa. Damsel masifaffu ne, a ƙaramin wuri za su addabi na kusa da su, in abin ya yi yawa ka raba tankin da ragar roba. Sai murfi, don kifin da ya firgita yana tsalle. Ka rufe bayan tankin da gefunansa da kwali, ka bar gaba kawai. Ba ya buƙatar fitila mai ƙarfi, hasken ɗaki ya isa.

Ka ajiye shi nesa da babban tanki, aƙalla mita 3, in da hali a wani ɗakin, domin feshin da kumfar iska ke yi yana iya ɗaukar cuta. Raga, bokiti, tiyo, har tawul ɗin goge hannu, kowane tanki da nasa. Wani abu kuma da littattafan waje ba su cika ambata ba, mu kuwa kullum muna tare da shi: maganin sauro. Fesawa ko kunna na hayaƙi a ɗakin da injin iska ke aiki daidai yake da zuba shi cikin ruwan, tunda iskar ɗakin injin ke turawa ciki, kuma kifi ba ya jure waɗannan sinadarai ko kaɗan. Ka gaya wa iyali, ɗakin nan ba fiya-fiya, ba turaren wuta. Kai ma ka ɗauraye hannu har gwiwa, ba sabulu ba man shafawa, kafin ka tsoma shi.

Yanzu ga inda kifaye suka fi mutuwa a hannun mutane. Yawancin waɗanda suka mutu a tankin killacewa ba cutar ce ta kashe su ba, ruwan ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kifi yana fitar da amoniya, wata guba da ke taruwa a ruwa, dare da rana. A babban tankinka bakteriyan da ke jikin duwatsu suna cinye ta ba ka ma sani ba. Sabon tanki fayau ba shi da su, ga kifi biyar a lita 84, kuma amoniya ta fi dafi a ruwan teku saboda ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa, yana wajen 8.1 zuwa 8.3, zafi kuma yana ƙara mata ƙarfi. Alamarta haki da kwanciya a ƙasa, sai mai kifi ya ɗauka cutar ce ta tsananta ya ƙara magani.

Abin yi shi ne matatar soso, wadda injin iska ke tafiyarwa. In akwai soso ko audugar tacewa da ta daɗe a matatar babban tankinka, ɗauko ta ka sa a nan, ta zo da bakteriyanta. Tana iya zuwa da cutar, amma ai kifayen ma da ita suka zo, magani zai same su tare. Sai dai duk abin da ya shiga tankin nan ya shiga ke nan, ba ya komawa. Cikon farko ma ka ɗebi rabinsa daga babban tanki, rabi sabon haɗi, don kada kifin ya ji bambancin ruwa. Bakteriyan kwalba da ake sayarwa suna taimakawa, in dai kwalbar ba ta gasu a bayan mota tsakanin Legas da Gombe ba. Ka gwada amoniya safe da yamma a mako biyun farko, ko ka manna ɗan faifan nan na Seachem mai suna Ammonia Alert a cikin gilashi, wanda ke sauya launi. Da zarar ya motsa daga rawaya, canjin ruwa kawai. Ko bai motsa ba, ka zuƙe kashi da ragowar abinci da tiyo kullum, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana biyu ko uku har sosan ya kama aiki.

Wannan ya kawo mu ga gishiri, kuma gara ka yi lissafinsa tun yau. Gishirin miya ba ya yi, ba shi da magniziyam da kalsiyam da sinadaran da ke riƙe pH. Sai haɗaɗɗen gishirin teku irin su Instant Ocean ko Red Sea. Kowace lita tana cin giram 35 zuwa 38 kafin ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Canjin lita 20 ya haura giram 700 ke nan, in ka yi sau biyu a mako na tsawon mako 11 ka tasam ma kilo 16. To ka yi odar babban bokiti tun yanzu, kada gishiri ya yanke maka ranar da amoniya ta tashi. Ruwan haɗi kuma, wanda na'urar RO, mai tsame sinadaran da suka narke a ruwa, ta tace shi ne a gaba, kuma wasu masu kamfanin ruwan leda suna da na'urar, za su sayar maka a jarka. Jarkar ta zama taka, sabuwa. Ta 'yan ga-ruwa ba ka san abin da ta taɓa ɗauka ba. Ruwan famfo da ke zuwa daga Dadin Kowa ruwan sha ne da aka sa wa kulorin, ruwan burtsatse kuma kowace unguwa da irin nata. Ka haɗa gishirin a bokiti daban, ka sa masa iska ya kwana, ka auna gishirinsa da zafinsa su yi daidai da na tanki, sannan ka zuba.

Iska ita ce abu na biyu. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi ƙarancinta, ga kifin da cuta ta taɓa masa wurin numfashi. In aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare a watan Afrilu, injin iska ya tsaya, kafin asuba kana iya tarar da su a kife. A ganina, wanda bai tanadi injin iska mai batir a ciki ba, irin wanda ke ci gaba da kansa in wuta ta tafi, bai gama haɗa tankin killacewa a Gombe ba. Wutar da yake ci ba ta wuce wat 3 zuwa 5 ba, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe shi kwana da kwanaki. Ka sa dutsen kumfa ɗaya ban da na matatar soso. Ranar da komai ya ƙi, ɗauki kofi ka riƙa ɗibar ruwan kana kwararo shi daga sama duk bayan minti goma zuwa sha biyar. Aiki ne mai gajiyarwa, amma yana tsallakar da kifi dare.

Zafin ruwan ya zauna tsakanin 25 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Za ka ji masu kifin ruwan daɗi suna cewa a ƙara zafi don cutar ta yi saurin wucewa. Kar ka bi, a nan iskar ruwan kawai za ka rage. Mu matsalarmu ma ta sauko da shi ce. A Maris da Afrilu, lokacin da garin ke kai wa 40, ka ɗaga murfin ka sa raga a madadinsa, ka juya fanka tana kaɗa saman ruwan, in ya haura 29 ka jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi ta yawo a ciki. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu, hita mai wat 100 ta ishi wannan tanki. Fanka da iskar hunturu duk suna ƙafar da ruwa, gishiri da magani kuwa ba sa tashi, sai su ƙara kauri. A nan salatif ɗin nan zai yi maka aiki: kullum ka mayar da ruwan kan layinsa da ruwan daɗi tsantsa, ba gishiri ba magani.

Magani hanya biyu zan ba ka, ka ɗauki ɗaya, kar ka haɗa su.

Ta farko kwafa, wato sinadarin jan ƙarfe, wadda ke kashe farin ɗigo da Amyloodinium duka. Sharaɗinta abin gwaji. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe cuta da wanda ke kashe kifi 'yar kaɗan ce, don haka in ba ka da abin auna kwafa, kar ka buɗe kwalbar. Kowane iri kuma da ma'auninsa. Cupramine ana riƙe shi a miligiram 0.5 a lita: mililita 1 ga kowace lita 40 ranar farko, a jira awa 48, a maimaita. A lita 84 mililita 2 ke nan kowane zubi, ka auna da sirinji. Copper Power kuwa wajen 2.0 zuwa 2.5 ake riƙe shi. Wanda ya ɗauki lambar wannan ya yi aiki da ita a wancan ya gama da kifinsa. Ka cire gawayin tacewa in akwai, yana shanye maganin. Duk ruwan da za ka canza, ka sa masa nasa kason kwafar a bokiti kafin ya shiga, don in ma'aunin ya faɗi ko na yini ɗaya ne, 'ya'yan da suka fito ranar sun tsira, lissafi ya koma farko. Kwalbar Cupramine ta ce kwana 14, ni na fi natsuwa da 30 in kifin yana ci, tunda a tankin da ɓawon cutar yake zai ci gaba da zama. Babban gargaɗi: kada ka zuba maganin ɗaure amoniya ko na cire kulorin, irin su Prime, a ruwan da ke da Cupramine. Yana juya kwafar zuwa wani nau'i mai tsananin dafi.

Ta biyu rage gishiri, kuma ga mutumin Gombe da zai jira saƙo mako guda, tana da daraja. Ana sauko da ruwan daga 1.025 zuwa 1.009 cikin kwana biyu, ta hanyar ɗebe na gishiri ana mayar da na daɗi kaɗan-kaɗan. Kifin yana jurewa, ƙwayar farin ɗigo ba ta iya kammala zagayenta. A riƙe haka kwana 30 bayan ɓacewar ɗigo na ƙarshe. Ga sauƙin gishiri, ga shi ba sai ka sayi magani ba. Amma sai da ma'aunin gishiri na leƙawa, rifiraktomita, wanda aka saita shi daidai. Na roba mai allura yana kuskuren da ya isa ya ɓata aikin. In ƙafewar ruwa ta ɗaga shi sama da 1.010 ka koma gidan jiya, pH kuma yana faɗuwa, sai kana gyara shi da 'yar bakin soda da aka narkar. Ba ta yi wa Amyloodinium komai, kuma akwai nau'in farin ɗigon da ke jure ta. In ka ga sabon ɗigo bayan mako biyu, ka mayar da gishirin a hankali ka koma kwafa. Mayarwar ita ce mai haɗari, kada ta wuce 0.002 a rana.

Za ka ji ana maganar kulorokwin, kuma gaskiya ne ana amfani da shi wa kifin teku, amma garinsa zalla ake aunawa, ba ƙwayar kemis da ba ka san abin da aka cakuɗa mata ba, kuma an sha ba da rahoton bulu tang ba ya jure shi. Ka bar shi. Tafarnuwa tana iya jawo kifi ga abinci, ba ta kashe cutar.

Ranar kwashe su, ka fitar da duwatsun babban tanki zuwa bokitin ruwansa tukuna, in ba haka ba za ka wuni kana bin damsel. Ka kama su da kofin roba maimakon raga in zai yiwu, domin bulu tang yana da ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, tana maƙalewa a raga, tana kuma yanka hannu. Ka bar su yini ɗaya su huce su ci abinci kafin zubin farko. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Bulu tang yana son busasshen ganyen teku, ka ɗaure masa a guntun bututu da kyauro.

Babban tanki kuma zai zauna ba kifi kwana 76. Mafi daɗewar da aka rubuta ɓawon cutar ya yi kafin ya fashe kwana 72 ne, sai aka ɗora 'yan kwanaki a kai. Wasu suna gajartawa zuwa mako shida in ruwan yana da ɗumi, ni dai ba na ba da wannan shawara ga wanda ya riga ya sha wahalar kwashe kifi biyar. Jatan lande da katantanwa da murjani su zauna abinsu, cutar ba ta rayuwa a jikinsu, kuma kwafa, ko ɗigo ɗaya ne, kada ta kusance su, kashe su take yi. Ka ci gaba da jefa musu ɗan abinci duk kwana biyu don bakteriyan duwatsun su samu abin ci. In ka sa sabon dutse ko sabuwar katantanwa daga tankin wani a tsakiyar wa'adin, ƙirga ya koma ɗaya, domin suna iya zuwa da ɓawon cutar a maƙale. Rubuta ranar farawa da ranar gamawa a jikin gilashin.

Ka ga ke nan kifayen za su gama magani da sauran kusan mako shida a gabansu. Ka cire kwafar da canjin ruwa da gawayin tacewa, ka zuba musu ido. A wannan tsakanin ne ake ba su praziquantel, maganin nan da ake ba masu tsargiya, don tsutsotsin fata da na wurin numfashi: miligiram 2 zuwa 2.5 a lita, a maimaita bayan mako guda, da iska mai yawa domin yana rage ta. Ranar komawa ka daidaita gishiri da zafin tankunan biyu, ka fara mayar da kilawun da bulu tang, damsel su biyo baya da kwana biyu don kada su riga kowa kama wuri. Tankin killacewar ka wanke shi ka shanya a rana ya bushe ƙayau, ka ajiye shi da kayansa wuri ɗaya, ka kuma jefa sabon soso a matatar babban tanki ya zauna can. Duk kifin da za a sake turo maka, a wannan ƙaramin tanki zai fara sauka ya yi kwana 30, da wannan sosan a matsayin matatarsa.